Wai da gaske Rana "wada" ce a cikin taurari? Masana ku taimaka min

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka min, yarinyata ce ta ɗaure ni da tambaya daren jiya. An ɗauke wuta bayan isha'i sai muka fito tsakar gida muka shimfiɗa tabarma kowa da bargonsa, kun san sanyin Janairu, to jiya hazon ya ɗan lafa sama ta wanke tas, taurari kamar an watsa gero. Ummi tana SS1 ne, sai tace min Baba ka san Rana ma tauraruwa ce? nace eh na taɓa ji. Tace to malaminsu yace wai a cikin taurari ita wada ce, rawayar wada, har ta shiga ɗaki ta ɗauko littafinta ta haska min da tocilan ɗin waya, ta rubuta G2V ta ja layi a ƙasa. Tace malamin bai yi bayani ba aka kaɗa ƙararrawa.

To ni abin da nake so in sani, menene wannan G2V ɗin, kuma ta yaya abin da ake cewa ya fi duniyarmu girma nesa ba kusa ba za a kira shi wada? Sannan ta nuna min wani tauraro ja-ja a gefen ukun nan da suke jere kamar an ja su da igiya, da wani fari mai ɗan shuɗi a ɗaya gefen, tace wanne yafi zafi, ni dai nace jan tunda wuta ja ce, amma zuciyata bata kwanta ba. Bana son in koya mata abin da ba daidai ba, yarinyar tana son karatun nan sosai.

Ɗan Maƙera:

Wa alaikumus salam. Baban Ummi ni ba masanin taurari bane amma wannan ta ƙarshen zan iya amsa maka daga maƙerar babanmu, dan a gindin zuga-zugi na tashi. In ka cusa ƙarfe a cikin gawayi kana zuga, farko zai yi wani ja mai duhu wanda sai a inuwa ma kake ganinsa, ka ci gaba da zuga ya koma ja jawur, daga nan ya koma ruwan lemo, ya koma rawaya, in ya fara yin fari yana tartsatsi to babanmu tsawa zai daka maka yace cire kar ka ƙona min ƙarfe. Bamu da wani ma'aunin zafi a maƙera, kala kawai ake kallo. Saboda haka ja shine mafi sanyi a cikin masu zafi, fari ya fi shi nesa. In dai taurari ma haka suke to farin nan mai shuɗi-shuɗi shi yafi zafi. Masana su gyara min in ba haka bane.

Malamin Fizis:

Wa alaikumus salam. Ɗan Maƙera wallahi babu gyara a maganarka, abin da babanku yake yi da ido shine ainihin abin da masana taurari suke yi da na'ura. Baban Ummi jan da ta nuna maka sunansa Betelgeuse, zafin bayansa wajen digiri 3,600 ne, farin mai shuɗi kuma Rigel ne, shi wajen 12,000. Ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538, kaga ko "mai sanyin" cikinsu ya wuce tunanin maƙera.

Bari in bi maka G2V ɗin ɗaya bayan ɗaya, amma ka yi haƙuri zan ɗan ja.

In ka ɗauki hasken rana ka ratsa shi ta cikin gilashi mai kusurwa uku zai bazu ya zama kalolin bakan gizo. A 1814 wani Bajamushe mai haɗa gilasan hangen nesa, Joseph Fraunhofer, ya duba wannan bakan da kyau sai yaga ashe akwai wasu siraran baƙaƙen layuka a ciki, ya ƙirga sama da 500. Shi kansa bai san dalilinsu ba, sai wajen 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana da nasa layukan da yake shanyewa daga haske, kamar dai yadda kowa yake da zanen yatsansa. To daga nan ƙofa ta buɗe, ba sai kaje tauraro ba, haskensa da ya iso maka ya isa ya faɗa maka me ke cikinsa da kuma zafinsa. Hiliyam ma a hasken Rana aka fara ganinsa a 1868, ba a same shi a ƙasa ba sai 1895.

Da wannan layukan aka raba taurari gida bakwai, daga mafi zafi zuwa mafi sanyi: O, B, A, F, G, K, M. 'Yan gidan O shuɗaye ne, sun haura digiri 30,000, kuma basu da yawa ko kaɗan, amma ga abin daɗi, ukun nan da kace suna jere, na gefe da gefe wato Alnitak da Mintaka 'yan O ne, na tsakiya Alnilam kuma yana farkon B. Gidan B daga 10,000 zuwa 30,000, nan Rigel yake, nan kuma manyan taurarin Kaza da 'Ya'yanta suke. A farare ne, 7,500 zuwa 10,000. F na biye. G daga wajen 5,200 zuwa 6,000, to nan ne gidanmu. K ruwan lemo, M jajaye, ƙasa da 3,700. Waɗannan alƙaluman a ma'aunin Kelbin ne, in kana son irin digirin da ake faɗa a hasashen yanayi ka cire 273.

Kowane gida kuma an sake yanka shi goma, 0 zuwa 9, sifili yafi zafi tara yafi sanyi. Rana zafin bayanta 5,772 ne shi yasa ta faɗa G2, wato tana ta wajen masu zafin gidan G. Cikinta can tsakiya kuwa maganar digiri miliyan 15 ake.

Saura V ɗin, kuma nan ne maganar wada ta fito. Wannan ba harafin V bane, lambar Romawa ce, biyar. Dalilinta shine zafi kaɗai baya isa, za ka samu taurari biyu kalarsu ɗaya zafinsu ɗaya amma ɗaya ya ninka ɗayan haske sau dubbai, to ba yadda za ayi haka ta faru sai in ɗaya ƙato ne na gaske. Hertzsprung ɗan Denmark da Russell ɗan Amurka su suka fito da wannan fili wajen 1911 zuwa 1913, kowa a nasa ɓangaren, suka zana jadawali zafi a kwance haske a tsaye, sai ga mafi yawan taurari sun jeru a layi ɗaya da ya ratsa daga sama hagu zuwa ƙasa dama, 'yan kaɗan sun yi tsalle sama. Na saman aka kira su ƙattai, duk sauran na kan layi aka kira su wadanni, dan kawai a bambanta su da ƙattan. A 1943 Morgan da Keenan a cibiyar nazarin taurari ta Yerkes a Amurka suka mayar da abin lamba, I manyan ƙattai irin Betelgeuse da Rigel, III ƙattai, V 'yan kan layi. Abin da V take nufi a zahiri shine tauraron yana cikin ganiyarsa, yana ƙona haidurojin a cikinsa yana mayar da shi hiliyam cikin natsuwa. Ba raini bane sam.

Kuma ni wannan kalmar tana damuna a aji, dan yara suna fita da tunanin Rana wata 'yar mitsitsiya ce a cikin taurari, alhali ƙidaya bata nuna haka ba. Kusan uku cikin huɗu na duk taurarin da ke garkenmu, wato babban tarin taurarin da Rana take ciki, jajayen ƙanana ne 'yan gidan M, irin Rana 'yan G basu kai ɗaya cikin goma ba, waɗanda suka fi ta zafi da girma kuma sun fi haka ƙaranci. In aka jera taurari ɗari aka ce a tsaya bisa haske, Rana tana cikin na gaba-gaba, wajen 85 ko fiye suna bayanta. Faɗinta kilomita miliyan 1.39, sai ka jera duniyarmu 109 kafin ka ratsa ta.

Rawayar ma da sauran magana, asalin haskenta fari ne, iskar da ta lulluɓe duniya ce take watsar da shuɗin ta bar mana rawaya da ja musamman da hantsi da almuru. Amma kar kuce za ku kalle ta ku tabbatar ko da cikin hazo ne, tana lalata ido.

Baban Ummi:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, Ɗan Maƙera kaima na gode, yau zan gyara mata maganar jan nan. Amma Malam wani abu ya tsaya min, kace uku cikin huɗu jajayen ƙanana ne, to ni jiya da na ɗaga kai ai farare na gani birjik, jajayen basu fi a ƙirga da yatsu ba. Ina suka shiga? Sannan me yasa haruffan suka hargitse, O kafin B, B kafin A?

Malamin Fizis:

Yauwa, tambayar da nake jira kenan. Ka taɓa tafiyar dare a hanyar Gusau zuwa Sakkwato ko makamanciyarta? Fitilar tirela tun tana nesa da kilomitoci kake hango ta, amma ƙauyukan da kuke wucewa kowace bukka akwai 'yar fitila ko aci-balbal a ciki, sun fi tirelolin yawa ninkin ba ninki, kai dai baka ganinsu ne sai ka zo dab. Sama ma haka take, abin da idonka yake gani masu ƙarfin haske ne da suke hasko mu daga nesa. A duk jajayen wadannin nan kusan babu ko ɗaya da ido zai gani ba na'ura. Maƙwabciyarmu mafi kusa bayan Rana, Proxima Centauri, tafiyar haske na shekara 4.24 ce kawai tsakaninmu, 'yar M ce, amma bata ganuwa da ido, ba a ma san da ita ba sai 1915 da Robert Innes ya gano ta a Johannesburg. Jajayen da kake iya gani irin Betelgeuse ba wadanni bane, tsofaffin ƙattai ne da suka kumbura, shi Betelgeuse da za a ajiye shi a mazaunin Rana da ya haɗiye duniyarmu har da Mars.

Ita Ranar ma da za a matsar da ita nisan shekarar haske 32.6, wanda shine nisan da masana suke auna kowa a kai dan a yi adalci, da ta zama wata 'yar tauraruwa dishi-dishi da sai a ƙauye cikin duhu sosai za ka ganta, a Kano ko Kaduna da hasken gari ba za ka ma lura da ita ba. Kusanci ne ya sa ta cika mana sama, kilomita miliyan 150, haskenta minti 8 da 'yan daƙiƙu yake iso mu.

In kuna son ganin irinta sak, akwai Alpha Centauri A, ita ma G2V ce, nisan shekarar haske 4.37. Daga arewacin Najeriya ana ganinta ƙasa-ƙasa ta kudu da daddare wajen watan Mayu da Yuni in ba hadari, sai dai ku samu fili inda gini ko bishiya bata tare muku ba dan bata tashi sama sosai. Maganar haruffa kuma zan dawo, yanzu zan shiga aji.

Ƴar Zazzau:

Malam bari in ɗan taya ka wannan kafin ka fito, dan labarin yana taɓa ni sosai kuma ina so Ummi ta ji shi. Baba, wannan rabe-raben mata ne suka yi shi. A cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka, shugaban wurin Edward Pickering ya ɗauki mata aiki suna zama da madubin ƙara girma suna duba hotunan taurari da aka ɗauka a kan farantan gilashi, ana biyansu kuɗi kaɗan. Ɗaya daga cikinsu Williamina Fleming 'yar Scotland ce, asali ma aikatau take yi a gidansa kafin ya kai ta ofis. Ita ta fara jera su A, B, C har zuwa gaba bisa ƙarfin layukan haidurojin, wanda layinsa yafi fitowa shine A, aka buga wannan a 1890.

Daga baya Annie Jump Cannon tazo ta duba taga jerin bai tafi daidai ba, wasu gidajen maimaici ne ta zubar da su, sauran ta sake musu tsari, O ta dawo gaba, B ta riga A, amma bata canja sunayen ba tunda an riga an saba. Shi yasa suka hargitse. Matar nan kusan kurma ce, bata ji sosai, amma a rayuwarta ta rarrabe taurari wajen 350,000 da idonta, kuma babban kundin Henry Draper da aka buga tsakanin 1918 da 1924 mai taurari sama da 225,000 aikinta ne. A 1922 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta karɓi tsarinta, har yau shi ake koyarwa, shine a littafin Ummi.

Sai ta ukun wadda ni ita nafi so, Cecilia Payne. A 1925 tana ɗaliba ta ɗauki lissafin wani masani ɗan Indiya Meghnad Saha ta nuna cewa bambancin layukan nan na zafi ne, ba wai kowane gida da kayan da aka gina shi ba, kuma taurari kusan duk haidurojin ne da hiliyam. Manya suka ce ba zai yiwu ba, Russell ɗin da Malam ya ambata ya sa ta sassauta maganar a rubutunta, bayan shekara huɗu shi da kansa ya dawo kan abin da ta faɗa. Yau an san Rana kusan uku cikin huɗu na nauyinta haidurojin ne, kusan ɗaya cikin huɗu hiliyam, sauran duka ɗan kaɗan. Baba dan Allah ka ci gaba da zama da ita kana sauraron tambayoyinta, ni mahaifina da haka ya sa na kai inda nake yanzu a jami'a.

Dattijon Gobir:

Salamu alaikum 'ya'yana, daga Maraɗi nike bin ku, jikana ne ya karanta mini kuma shi ka rubuta. Na ji daɗin wannan zance ƙwarai. Mu namu ilimin taurarin na lissafin noma ne da muka ɗauka wurin malamai, manazili 28, kowane kwana 13 ban da Jabha mai 14, shekara ta cika 365. Ba mu raba su da zafi ba, mun raba su da lokaci, wane ya fito a yi shuka, wane ya fito sanyi ya shigo. Kaza da 'Ya'yanta ita ce Surayya, kuma akwai ja guda da ke bin bayanta kullum, Dabaran, ma'anarsa kenan mai bin baya. Malam shi wane gida ya faɗa a naku lissafin? Da kuma Shi'ira da Allah ya ambata a Suratun Najmi, da Suhailu na kudu. Kuma ku gaya wa yarinya Zara matar wata ba ta cikin wannan lissafi ko?

Malamin Fizis:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ai sunayen da Turawa suke kira ma naku ne suka ara, Aldebaran shine Dabaran, Rigel daga rijlu ne wato ƙafa, Mintaka da Alnitak duk ɗamara suke nufi da Larabci. Dabaran K5III ne, ƙato ne da ya gama haidurojin ɗin tsakiyarsa ya kumbura, nisansa wajen shekarar haske 65. Shi'ira ita ce Sirius, tafi kowace tauraruwa haske da dare, A1V ce, kaga ita ma "wada" ce a rubuce duk da ta ninka Rana haske wajen sau 25, nisanta 8.6. Suhailu shine Canopus, na biyu a haske, yana can wajen shekarar haske 310 amma dubi yadda yake ƙyalli. Zara kuwa gaskiyarka Baba, duniya ce irin tamu, Venus, hasken Rana take maidowa, ita ce dai Gamzaki in ta fito da asuba.

Ƴar Zazzau kin cika aiki, Allah ya bada sa'ar karatu. Abu ɗaya zan ƙara wa Ummi, wannan haruffan suna faɗin tsawon rai ma. Manyan shuɗayen nan kamar murhun gidan biki ne, itace da yawa amma wuta na ci bal-bal, cikin 'yan miliyoyin shekaru sun ƙare, jajayen ƙanana kuma kamar garwashin kaskon tsohuwa da aka rufe da toka, a hankali suke ci, za su daɗe fiye da shekarun da sararin samaniya ya yi gaba ɗaya zuwa yanzu. Rana tana tsakani, ta yi shekara biliyan 4.6, duk daƙiƙa tana juya haidurojin wajen tan miliyan 600 zuwa hiliyam, kuma a lissafin masana man da ke cikinta na wajen biliyan 10 ne, daga nan sai ta kumbura irin Dabaran. Wannan lissafin mai ne kawai, sanin ƙarshen komai na Allah ne.

Baban Ummi:

Alhamdulillah, na gode muku duka, Baba Allah ya ja kwana. Na karanta mata komai bayan magariba, labarin matan nan sai da ta sa na maimaita mata sau biyu, ta kwafe sunayensu a bayan littafinta. Yanzu haka muna waje, ta gano Dabaran da kanta ta bin Kaza, ta gano Shi'ira ta bin layin ukun nan zuwa ƙasa, Suhailu ne katangar maƙwabci ta tare mana sai gobe mu fita filin ƙwallo. Malam tace in tambaye ka, in Shi'ira da Rana duk V ne, akwai wanda ya wuce V, kuma bayan M akwai wani harafi?

Malamin Fizis:

Akwai duka biyun. Bayan M an ƙara L, T da Y daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa gaba, mafi yawansu abubuwa ne da nauyinsu bai kai su riƙe wutar haidurojin ba. Ƙasa da V kuma akwai fararen wadanni, su ne wadannin gaske, ragowar cikin tauraro bayan ya mutu, kuma Shi'irar da take kallo yanzu akwai ɗaya da ke zagaya ta, Sirius B, girmansa kamar duniyarmu nauyinsa kamar Rana. Kace mata ta rubuto sauran tambayoyin a takarda, ka ɗauko hoto ka sa nan, ranar Asabar bani da aji.